Kimiyya Ba Zaman Makoki Ba Ce, Ya Kai Bazazzagi

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da sauran Zagezagin da muka bar wa jiran gari. Kuɗin sharar bana har yau ban gan su ba, amma kada gabanka ya faɗi, ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Bakano ba ya manta bashi, ranar karɓa kawai yake zaɓa.

Abin da ya tayar da ni hirar nan ce da aka yi da kai a rediyo. Mai gabatar da shirin, baiwar Allah, ta yi maka tambayar da kowace mai girki ta taɓa yi wa kanta: me ya sa albasa take sa mutum hawaye? Na gyara zama, na ce yau malamin kimiyyar sinadarai zai fitar da mu kunya. Sai ka yi gyaran murya, ka ce "to, a gaskiya batun yana da ɗan sarƙaƙiya," daga nan ka tsunduma cikin Turanci, ba a sake ganin ko hularka ba. Sunayen sinadarai ka riƙa jerowa, kowanne ya fi na gabansa tsawo. Mai shayin bakin layinmu, wanda albasar da ya yanka ta fi littattafan da ka karanta yawa, ya saurara iya haƙurinsa, sannan ya miƙa hannu ya murɗa zuwa tashar da ake sanarwar ɗaurin aure. Babu wanda ya ce masa don me.

Ga amsar da ka hana mutane, ni jikan 'yan koli bari in ba su kyauta. Albasa tana tsotso farar wuta daga ƙasa ta adana a jikinta. A cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da suka haɗu suka yi albasar, sinadarin da ke ɗauke da farar wutar yana gefe guda, wani mai tayar da shi yana wani gefen, ba sa haɗuwa. Wuƙa na shiga sai ta farfasa ɗakunan, su gauraya, su haifar da wata iska mai yaji ta tashi sama. Tana taɓa ido, ido ya ji zafi ya sako ruwa don ya wanke kansa. Shi ya sa wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya sauƙin hawaye, don ba ta dagargaza ɗakuna da yawa, kuma albasar da ta sha sanyi ba ta kai wadda ta sha rana fitina ba. Shi ke nan fa. Sai a 2002 wasu masu bincike a Japan suka kamo ainihin sinadarin da ke ƙarasa wannan aiki, ka ga tambayar ba ta raini ba ce.

Kada ka ce jahilci nake jifanka da shi. Gaskiya ɗaya ce ko daga bakin Bakano ta fito: Zariya ta tara ilimi, kai ma ka kwashi rabonka. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take yaye mutane, irin masara da dawa da wake da gyaɗa da aka inganta a can kuma ya bazu a gonaki har ƙasar Kano, muna ci muna ƙoshi, godiya ce dai ba za ku samu ba. Ciwonka daban ne. Ka ɗauka ilimi ba ya cika ilimi sai an ɗaure fuska, sai mai sauraro ya tashi yana raina kansa. Mu da muka tashi a gindin kasuwa mun san haja ba ta sayar da kanta. Ɗan Kwari ba ya kulle atamfa a ƙuryar shago ya zauna jiran wanda ya san lambarta. Warware ta yake yi, ya ɗaga ta a rana, ya ce Hajiya taɓa ki ji, ya yi ta barkwanci har ta dara, kafin a zo maganar kuɗi. Kai kuwa ka tara haja mai tsada, ka rufe shago, ka rubuta farashi da harshen Latin, sannan kana kukan wai mutanenmu ba sa son kimiyya.

Abin da ya fi ba ni haushi, a garinku aka fara nuna yadda ake yi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya zauna ya yi wa mai karatun Hausa bayanin halittu iri-iri da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin samaniya da Hausa tsantsa. Kafin ka fara hura hanci, in tuna maka Imam haifaffen Kagara ne, a Katsina ya yi karatu. Aro kuka yi. Amma ko aro ne, ai a koyi wani abu kafin a mayar.

Tunda na san Bazazzagi ba ya yarda da magana sai an ce Bature ne ya faɗa, bari in kawo maka Bature. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, bai yi wata doguwar makaranta ba. A shagon masu ɗinke littattafai ya koyi sana'a, yana ɗinki yana leƙa abin da ke ciki. Shi ne a 1831 ya gano yadda ake samar da lantarki ta hanyar motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wato tushen janaretan da kake hana maƙwabtanka barci da shi. Mutumin da ya kai nan, da irinka ne, sai an cika takarda kafin a gan shi. Shi kuwa a cibiyar Royal Institution ta Landan ya assasa laccocin ƙarshen shekara domin yara, waɗanda aka fara a 1825, ya tsaya da kansa ya gabatar sau 19, har yau kuma ana yin su ana nunawa a talabijin. Mafi shahara a cikin nasa, waɗanda aka buga littafi a 1861, lacca shida ce a kan abu guda: kyandir.

Kyandir fa, malam, wanda ake sayarwa a teburin bakin titi. Tambayar ita ce, mene ne yake ci da wuta a jikinsa? Kowa zai ce lagwani. A'a. Zafi ne yake narkar da kakin, lagwani ya tsotso narkakken ya hau da shi sama, can ya zama tururi, tururin ne yake ci. In kana musu, hure kyandir, ka yi maza ka kai ashana mai wuta cikin farin hayaƙin nan da ke tashi, nesa kaɗan da lagwanin. Wutar za ta bi hayaƙin ta sauko ta sake kama kyandir ɗin ba ka taɓa shi ba. Sa cokali a cikin harshen wutar, ya fito baƙi ƙirin, don hasken nan rawaya ba komai ba ne illa ƙurar gawayi da ta yi zafi har tana haske. Riƙe cokali mai sanyi can sama da harshen, ka ga ya yi gumi: wuta ta haifi ruwa. Da haka Faraday ya ja yaran sannu a hankali har ya kai su ga numfashinsu, ya nuna musu iskar da kyandir yake buƙata ita huhunsu yake buƙata, wadda yake fitarwa kuma ita suke fitarwa. Ka gwada na hayaƙin nan a gaban 'ya'yanka yau da dare in an ɗauke wuta, ka ga ko akwai mai yin hamma.

To bar Landan, zo Kano, in ka samu kuɗin mota. A Ƙofar Mata akwai karofin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar rinannen tufafin garin nan har ƙetaren Sahara ake kai shi a bayan raƙuma. Ka tsaya a bakin rami ka kalli marini ya tsoma farin ƙyalle, ya juya shi, ya ɗaga. Me za ka gani? Ba shuɗi ba. Ƙyallen zai fito kore-kore mai ɗan rawaya, sai a gaban idonka, yana rataye a hannun mutumin, ya riƙa rikiɗa har ya zama shuɗi. Ba a ƙara masa komai ba. Duk yaron da ya ga wannan sai ya ce "yaya aka yi?", tambayar da ka yi shekara da shekaru kana jiran ɗalibanka su yi maka ba su yi ba.

Ga yadda aka yi. Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, sai an jiƙa ganyen ya tsima, iska ta buge shi, sannan shuni ya bayyana. Shuni kuma taurin kai gare shi, ka dai san halin: ba ya narkewa a ruwa. Abin da bai narke ba kuwa ba zai shiga cikin zare ba, sai dai ya zauna a bayansa, wanki ɗaya ya tafi. Dabarar marina ita ce su haɗa ruwa da toka da baba da katsi a rami, su bar shi kwanaki yana tsima, suna motsawa. Toka tana ba ruwan kaifi irin na kanwa, a cikin irin wannan ruwa kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke hayayyafa. Su ne suke cinye iskar oksijin da ke cikin ramin, su juya shuni zuwa wata siffa mai narkewa, mai launin rawaya. A wannan siffa yake ratsa zare har ciki. Da an ɗaga ƙyallen, iskar sarari ta same shi, sai ya koma shuninsa na asali marar narkewa, amma yanzu yana can cikin zare, babu hanyar fita. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, kowane shan iska yana ƙara duhun launi. Marini yana duban kumfar saman rami, ya shinshina, ya san ko ruwan ya nuna ko ya gaji. Kiwon halittu masu rai yake yi a ramin nan, ko da bai taɓa ganinsu ba.

Jamusawa sun sha wuya kafin su kamo bakin zaren. Adolf von Baeyer ya yi shekaru yana bin diddigin shuni kafin ya gano ƙirarsa a 1883, sai a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta, a 1905 aka ba Baeyer kyautar Nobel. Shunin nan ne a jikin wandon jins ɗin da ɗalibanka suke sawa su zo ajinka su yi barci. Darasin da kake cika allo da shi, na yadda sinadari yake sauya hali in ya samu oksijin ko ya rasa, ga shi nan a rami ana yi da hannu, ga mabuga a gefe suna bugun rawani har yana ɗaukar ido. Ka taɓa kawo aji ɗaya nan? Ka taɓa zama da marini ka ji abin da ya sani, kai ma ka gaya masa abin da madubin ganin ƙananan halittu ya nuna maka? Ramuka da yawa a wajen sun bushe an daina aiki da su, masu sana'ar kuma suna tsufa. Ba za su jira ka har ka yi ritaya ba.

Akwai wanda ya gane wannan karatu, kuma ba sai na gaya maka daga wane ɓangare ya fito ba. Mohammed Bah Abba ya yi aikin koyarwa a Jigawa, wadda har zuwa 1991 Kano ce. Daga gidan masu ginin tukwane ya fito, ya kuma san abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne randa tana tsattsafo da ruwa ta 'yan ƙofofin jikinta, ruwan ya bushe a iska, ruwa kuwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Ba kuma ɗan kaɗan ba: zafin da lita guda take kwasa kafin ta zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Aikin da gumi yake yi a jikinka ke nan. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da yake yaushi a kwana uku ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex.

Amma ba tukunyar ce ta sa na kawo shi ba, yadda ya tallata ta ne. Bai kira taron ƙara wa juna sani a otal ba. Wasan kwaikwayo ya shirya da 'yan wasa na gida, aka ɗauka a bidiyo, aka riƙa zagaya ƙauyuka da janareta, a kafa farin ƙyalle da dare a haska wa mutane. Kallo suka zo, suka koma gida da ilimi. Ga tambaya kyauta ka kai wa ɗalibanka: me ya sa tukunyar nan ta fi aiki da bazara a kan tsakiyar damina? In sun kasa, kowace mai shanya za ta gaya musu.

Na san abin da za ka ce, don na san ka tun kana sa gajeren wando. Za ka ce kimiyya ba wasan yara ba ce, in aka mayar da ita abin dariya martabarta za ta zube. To saurara. A 1991 aka fara wani biki a Amurka, ana kuma yin sa duk shekara, inda ake ba da kyautar da ake kira Ig Nobel ga binciken da zai fara ba mutum dariya, daga baya ya sa shi tunani. Waɗanda suka ci Nobel ta gaske su ne suke miƙa kyautar da hannunsu. Masu binciken albasar nan na Japan sun karɓi tasu a 2013. Andre Geim ya karɓi tasa a 2000, saboda ya sa kwaɗo mai rai ya tashi ya tsaya a iska a cikin wani maganaɗisu mai tsananin ƙarfi a Holan. Ashe ruwa yana ɗan gudun maganaɗisu, gudun da ba a lura da shi sai ƙarfin ya kai matuƙa, jikin kwaɗo kuwa galibinsa ruwa ne. Kwaɗon ya sauka lafiya. A 2010 Geim ɗin nan da abokin aikinsa Konstantin Novoselov suka ci Nobel ta gaske, saboda a Manchesta sun yi ta manna salatif a kan irin baƙin da ke cikin fensir suna ɓarewa, har suka samu shimfiɗar da kaurinta ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Martabarsa ta zube? Kai da ba ka taɓa ɗaga ko ƙadangare ba, ina taka Nobel ɗin?

Wadda ta fi shafarka ita ce kyautar 2006. Bart Knols, wani masani ɗan Holan, da abokin aikinsa sun lura macen sauron da ke yaɗa zazzaɓi a Afirka ta fi son sauka a ƙafa. Suka bi sawu har suka gano warin wani cukun Turai da ake kira Limburger yana janta daidai da yadda warin ƙafar mutum yake janta, don ƙwayoyin da suke nunar da cukun dangin waɗanda suke zaune a tsakanin yatsun ƙafa ne. An yi dariya an ƙoshi. Bayan dariyar kuma sai masu bincike, har da na cibiyar Ifakara a Tanzaniya, suka shiga haɗa tarkon sauro da safar da aka daɗe da ita a ƙafa. Ƙasar da take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, wato tamu, ba ta da bakin raina irin wannan bincike. Kai kuma da kake wuni cikin takalmi sau-ciki da safa a zafin Afrilu don a san kai ɗan boko ne, ka taimaki al'umma ka ba da safarka gudummawa. Ina jin har sauron Kaduna sai ya amsa gayya.

Abu ɗaya nake so mu aro daga bikin nan. Minti ɗaya ake ba kowa ya yi jawabi. In ya zarce, sai wata yarinya 'yar shekara takwas ta taka har gabansa ta yi ta nanata masa ya daina, ta gaji, ba ta fasawa sai ya sauka. Ina da jika mai waɗannan shekaru, ba ta jin kunyar kowa. Duk ranar da za ka sake yin lacca ka sanar da ni, ni zan biya mata kuɗin mota.

Inda nake ba ka gaskiya, kuma ka rubuta ranar don ba za ta maimaitu ba, shi ne tsoron da kake yi wa masu sauƙaƙawa har su zarce cikin ƙarya. Suna nan birjik a waya. Wani zai ɗiga aidin a kofin ruwa, ya zuba garin maganinsa, ruwan ya washe, ya ce haka zai wanke maka ciki daga kowace cuta. Kai ka san ko ƙwayar bitamin C aka jefa, haka aidin zai washe, kuma wannan bai ce komai a kan ciki ba. Amma dubi abin da mutumin ya yi: ya nuna abu a ido, ya yi magana da harshen mutane, ya ba su mamaki. Kayan aikin Faraday ya sata. Bambancinsu, Faraday yana ba ka mamaki don ka yi tambaya, ya kuma miƙa maka kyandir ɗin ka gwada da kanka, wannan kuwa yana ba ka mamaki don ka rufe baki ka buɗe aljihu. Ɗaure fuska ba zai kore shi ba. Ka fito da naka kofin da naka aidin, ka jefa ƙwayar bitamin a gaban kowa, ruwa ya washe, jama'a su bushe da dariya, kasuwarsa ta mutu a wajen. Na san ba a ƙara wa malami girma don ya yi hira da mai shayi, takardu ake ƙirgawa, wannan kuma rashin adalci ne da ya kamata manyanku su gyara. Amma muddin kana ofis kana rubutun da ba mai karantawa sai 'yan uwanka, mai garin magani ne malamin kimiyyar unguwa, ba kai ba.

Sauƙaƙawa kuma ba ha'inci ba ce. Bayanin albasar da na yi bai ƙunshi duk abin da ka sani ba, amma babu ƙarya a ciki. Wanda ya ji shi, in ya zo ajinka gobe, ba sai ka goge masa komai ba, ɗorawa kawai za ka yi. Ma'aunin ke nan. Aiki ne ja, ya fi jero dogayen sunaye wuya, don mai jero suna yana iya ɓuya a bayansu, mai bayani da Hausa kuwa in bai gane abin ba nan take asirinsa zai tonu. Ko dai abin da kake tsoro ke nan?

In ba shi ba ne, to ga waya nan a aljihunka. Bidiyo na minti uku a mako ya isa: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, da abin da mai kallo zai gwada a gida ba tare da ya ƙona ɗakin uwarsa ba. Ka yi da Hausa, ko da Zazzagancin nan naku ne da ba ya bambance mace da namiji, za mu daure. Ka fara da marina. Ni zan yi maka iso wajen masu rami, in kuma ciyar da kai, don na san yadda kuke da gurasar Kano. Ku kuma masu karatu, duk mai tambayar da ta daɗe tana cin sa, me ya sa tsawa take biyo bayan walƙiya, me ya sa kanwa take sa wake saurin dahuwa, me ya sa ƙosai yake tashi in an buga ƙullu sosai, ya aiko ta wannan shafi. Zan tattara in kai masa har Zariya, in zauna a ƙofar ofishinsa sai ya amsa da harshen da kakarsa za ta gane.